Yadda zaka fara koyon rubutun sufayen Buda na Chaina, musamman hannun Hongyi

Ranar da na fara ganin rubutun Hongyi gaskiya raina shi nayi. A Hangzhou ne, a wani gidan tunawa da shi da ke Hupao, na tsaya gaban takardar nace a raina wannan ai ɗan firamare ma zai rubuta, layukan sirara zagayayyu babu kaifi babu ado, baƙaƙen sun ɗan yi tsawo sun rame kamar waɗanda suka sha azumi, ga fili fetal a tsakaninsu. Dattijon da ke koya mana rubutu da buroshi da na faɗa masa haka dariya kawai yayi, yace to je ka gwada mana. Na gwada kuwa. Abinda ya fito kamar sawun kaji a kan jiƙaƙƙen yashi, na ɓoye takardar ban ma nuna masa ba.

Wannan hannun da kake gani kamar ba a sha wahalarsa ba shine zangon ƙarshe na mutumin da ya shekara da shekaru yana rubutu mai ƙarfi mai kaifi, sannan ya dawo yana cire kaifin ɗaya bayan ɗaya. In ka fara daga inda ya ƙare ba zaka samu komai ba sai rubutun rago. Shi yasa zan bi da kai ta doguwar hanya, ita ce kuma gajeriyar in ka duba.

Kafin nan bari in cire wani abu daga hanya tunda nasan za'a tambaya. Ni musulmi ne, hannu naje koya ba ibada ba, kuma wanda zuciyarsa bata kwanta da kwafar nassin wani addini ba babu dole, duk matakan da zan faɗa zaka iya yinsu da waƙoƙin zamanin daular Tang masu maganar duwatsu da ruwa da kewar gida, hannun ɗaya ne. Amma ba zai yiwu ka fahimci dalilin da yasa rubutun yake a yadda yake ba sai ka san daga inda ya fito, kuma daga gidajen ibadar Buda ya fito.

Waye ma Hongyin

Sunan da aka san shi da shi kafin sufanci Li Shutong, an haife shi a Tianjin a 1880 a gidan masu kuɗi, kuma kafin ya zama sufi babu irin gayun da bai yi ba. Ya tafi Japan a 1905 ya karanta zanen Turawa a makarantar zane ta Tokyo, ya koyi piyano, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo har ya fito a matsayin mace a dandali a 1907. Da ya dawo gida ya koyar da zane da kiɗa a makarantar horon malamai ta Hangzhou, cikin ɗalibansa akwai Feng Zikai wanda ya zama babban mai zanen barkwanci. Sai a ƙarshen 1916 ya shiga gidan ibadar Hupao yayi azumin ƙauracewa abinci na sama da sati biyu, a 1918 kuma ya aske kai gaba ɗaya ya zama sufi, ya rabar da kayansa, hatiman dutsen da ya tara ya miƙa wa ƙungiyar masu sassaƙa hatimi ta Xiling suka rufe su a cikin bango. Kiɗa ya bari, wasan kwaikwayo ya bari, zanen fenti ya bari. Rubutu kaɗai ya riƙe, saboda da shi yake rubuta wa mutane kalmomin addininsu yana basu kyauta. Ya bi ɗariƙar da tafi kowacce tsanani wajen dokokin sufaye, ya rasu a Quanzhou da ke lardin Fujian a watan Oktoban 1942.

Akwai wani babban sufi da ya girme shi, Yinguang, da ya ja masa kunne a wasiƙa cewa kwafar nassi ba wajen nuna gwaninta bane, a rubuta shi tsaf kamar mai rubuta jarrabawar shiga aikin sarki, kowane ja a cike babu gajartawa babu gudu. Wannan jan kunnen yana cikin abinda ya juya hannunsa. Ka riƙe shi, zamu dawo kansa.

Kayan aiki

'Yan Chaina suna kiransu dukiya huɗu ta ɗakin karatu: buroshi, tawada, takarda, da dutsen niƙa tawada. Kar ka kashe kuɗi da yawa a farko don Allah, na ga mutane sun sayi dutsen Duan mai tsada daga Guangdong alhali ko layi ɗaya miƙaƙƙe basu iya ja ba.

Buroshi biyu sun ishe ka. Ɗaya matsakaici na gauraye, wanda suke ce wa jianhao, gashin akuya ne a waje da gashi mai tauri a tsakiya, shi zakayi manyan baƙaƙe da shi. Ɗayan ƙarami na langhao, gashin jelar wata 'yar dabba ce mai kama da tunku, yana da tauri kuma in ka danna ka ɗaga yana komawa tsininsa da kansa, shi ne na ƙananan baƙaƙe irin na kwafar nassi. Na gashin akuya zalla ka barshi tukunna, laushinsa yayi yawa, sabon hannu baya iya juya shi. Garin Huzhou ne ya shahara da buroshi, in kaga an rubuta hubi to nasu ake nufi, koda yake ba duk wanda aka rubuta wa hakan bane na kirki. Sabon buroshi yana zuwa a daskare da gam, ka jiƙa shi a ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi kaɗan har ya saki da kansa, kar ka kuskura ka sa ruwan zafi kuma kar ka murje shi da ƙarfi.

Tawada iri biyu ce, ta kwalba da ta sanda. Ta kwalba irin su Yidege ta isa aikin yau da kullum, ka ɗan sirka ta da ruwa don tana da kauri. Ta sanda kuwa baƙin hayaƙi ne, na itace ko na mai, aka kwaɓa da gam ɗin fatar dabba aka busar, kusan dabarar da alarammomin mu keyi da ƙaro, sai dai su nasu a sandare yake sai ka niƙa. Zaka ɗiga ruwa kaɗan a kan dutsen, ka riƙe sandar a tsaye ka dinga zagayawa a hankali minti goma ko fiye har sai ka ja sandar kaga hanyar da ta bari bata rufe nan take ba, to ta nuna. Ni ina ganin ko ta kwalba kake amfani da ita ka dinga niƙa ta sanda ko sau ɗaya a sati, saboda wannan mintuna goman su ke sauke maka gaggawar da ka shigo da ita daga waje, hannunka yana yin sanyi kafin ya taɓa takarda. In a gida kake lokacin hunturu ka sani tawada tana bushewa a kan dutse kafin ka gama layi biyu, ka ajiye ɗan ruwa a gefe kana ɗigawa.

Takarda ita ce inda sabon shiga yake faɗawa rami. Takardar xuan ta gundumar Jing a lardin Anhui ita ce sarauniya, amma iri-iri ce: ɗanya, wadda ke shan tawada ta bazu kamar ka zuba ruwa a rairayi, da dafaffiya wadda aka shafa wa alif bata sha sosai, da ta tsakiya. In ka ɗora ƙananan baƙaƙe a kan ɗanya duk zasu narke su zama tabo. Don haka dafaffiya ko ta tsakiya zaka nema na kwafar nassi, na atisaye kuma ka sayi maobian, wata takarda ce ruwan ɗorawa da ake yi da gora, arha ce sosai kuma akwai mai zanen gida-gida a jiki. In babu ko ɗaya tsohuwar jarida ma tana yi. Ka shimfiɗa ɗan bargo mai kauri a ƙarƙashi kar tawada ta kama tebur.

Zama da riƙo

Duk wanda ya saba da biro ko alƙalamin gamba hannunsa zai so ya kwantar da buroshi gefe, to a nan a tsaye ake riƙe shi cak. Babban yatsa da manuni su kama sandar, na tsakiya ya taimaka daga gaba, na kusa da ƙarami ya tokare daga baya, tafin hannu a buɗe kamar akwai ƙwai a ciki da baka so ya fashe. Ƙafa biyu a ƙasa, baya a miƙe, hannun hagu ya danne takarda. Na ƙananan baƙaƙe zaka iya ɗora wuyan hannun dama a kan tebur ko a bayan hannun hagu, na manya kuwa sai ka ɗaga gwiwar hannu sama, kuma eh zai yi rawa, sati biyun farko kowa nasa yana rawa.

Mataki na farko, layi kawai

Hongyi da kansa yayi wa matasan sufaye lacca a kan rubutu a gidan ibadar Nanputuo da ke Xiamen a 1937, kuma shawarar da ya basu ita ce a fara da zhuanshu, tsohon rubutun nan na hatimi. Mutane da yawa suna tsallake wannan don baya burgewa, ni kuma nace maka nan ne asirin yake. A rubutun hatimi layi baya kauri baya sirancewa, daga farkonsa har ƙarshe girmansa ɗaya, kuma bakinsa a zagaye yake, wanda in ka duba shine ainihin layin Hongyi na tsufa.

Yadda ake jan sa: in layin zai tafi dama, ka fara ɗan komawa hagu kaɗan da tsinin buroshin sannan ka juyo ka tafi, wannan shi ke ɓoye tsinin a cikin layin, suna ce masa cangfeng. Kana tafiya tsinin ya kasance a tsakiyar layin ba a gefe ba, shi ne zhongfeng. Da ka kai ƙarshe ka tsaya ka ɗan dawo baya ka ɗaga. In ka ɗaga takardar ka duba ta a hasken taga kaga tsakiyar layin yafi duhu kamar akwai ƙashi a ciki to ka samu, in kuma gefe ɗaya santsi ɗayan kamar haƙoran zarto to buroshin ya kwanta. Ka cika shafi da layin kwance, shafi da na tsaye, shafi da da'ira, kullum minti ashirin, wata guda. Gundura zata kama ka, babu makawa.

Mataki na biyu, ka koyi kaifin da zaka zo ka cire

Li Shutong tun yana saurayi rubutun duwatsun daular Wei ta Arewa ya ƙware a kai, irin na kogunan Longmen da dutsen Zhang Menglong na shekarar 522, rubutu ne mai kusurwa kamar da gatari aka sare shi, in ka ga abinda ya rubuta a shekarun farko na sufancinsa ba zaka yarda mutum ɗaya bane da na ƙarshen. Kai ma sai ka bi ta nan, ko ta rubutun kaishu, wato daidaitaccen rubutu mai ja a rarrabe, na daular Tang irin na Ouyang Xun ko Yan Zhenqing, ka zaɓi ɗaya tak ka zauna a kansa. Kar kayi yau wannan gobe wancan.

Kowa da baƙin 永 yake farawa, ana karanta shi yong, don ya tara manyan ja guda takwas: ɗigo, kwance, tsaye, ƙugiya da sauransu. Akwai tsarin jerin ja da ba'a saɓa masa, sama kafin ƙasa, hagu kafin dama, kwance kafin tsaye, in ka saɓa baƙin zai fito a karkace ko da ka kwaikwayi siffarsa daidai. Koyon kuma hawa uku ne. Da farko ka ɗora siririyar takarda a kan samfurin ka bi sawu. Sannan ka ajiye samfurin a gefen hagu kana kallo kana rubutawa. Daga ƙarshe ka rufe shi ka rubuta da ka, sannan ka buɗe ka gwada, a nan ne zakaga ashe idonka ƙarya yake maka tun farko. Bin sawu kar ya wuce sati biyu zuwa uku, yana da daɗi don yana fitowa da kyau amma hannu baya koyon komai in ya daɗe a kai.

Nawa ne lokacin wannan matakin? Wata shida in kana yi kullum, kuma wannan ma na rage maka ne. Akwai sufi Zhiyong na zamanin daular Sui, jikan jikokin shahararren gwanin rubutu Wang Xizhi, wanda ya kwafi rubutun baƙaƙe dubu har sau ɗari takwas ya rarraba wa gidajen ibada, buroshin da ya cinye kuwa da suka taru sai da ya haƙa rami ya binne su kamar gawa.

Mataki na uku, shafin nassi

Nassin da kusan kowa ke kwafa shine Xinjing, wato nassin zuciya, fassarar Xuanzang ɗin nan da ya taka har Indiya a ƙarni na bakwai ya dawo a 645. Dalili mai sauƙi ne, baƙaƙe 260 ne kacal, zama ɗaya ake gama shi. Samfura suna da yawa, akwai na kaishu da ake danganta wa Ouyang Xun, akwai wanda sufi Huairen ya harhaɗa daga baƙaƙen Wang Xizhi aka sassaƙa a dutse a 672 yana nan a Xi'an har yau, amma wannan na biyun rubutun gudu ne, ba naka bane yanzu.

Abinda ni nafi so a fara da shi shine hannun marubutan Dunhuang, wani gari a arewa maso yammacin Chaina. A 1900 aka buɗe wani ƙaramin kogo a can aka tarar da dubun dubatar takardu a naɗe, da yawansu aikin marubutan haya ne da ba'a san su ba, waɗanda kwafar nassi ce sana'arsu. Rubutunsu yana shiga da tsini siriri ya fita da nauyi, ana ganin saurin mai aiki amma babu ragwanci. Tsarinsu kuma shine zaka bi: layi daga sama zuwa ƙasa, layuka daga dama zuwa hagu, baƙaƙe 17 a kowane layi. Kayi lissafi, 260 zai baka layi 15 cikakku da baƙaƙe biyar a na 16, banda layin take a farko. Ka ja layukan tsaye da fensir mara duhu kafin ka fara, faɗin kowanne kamar santimita biyu. Wanda ya taɓa zama kusa da alaramma yana rubuta Alƙur'ani da hannu ya san wannan horon, shafi a auna, layi a ƙirga, hankali wuri ɗaya, bambancin kawai mu daga dama muke tafiya a kwance su kuma suna gangarowa.

Baƙin farko ma kaɗai zai gwada ka, 觀, ja sama da ashirin ne a cikin gidan da bai kai ƙumbar babban yatsa biyu ba. Sannan ga 無, ma'anarsa babu, yana zuwa sau 21 a cikin nassin, 空 kuma, wato wofi, sau bakwai. A rubutun nuna gwaninta ana son duk sanda baƙi ya maimaitu ka canza masa fasali, a nan kuwa ba'a neman haka, so ake na ashirin da ɗaya ya fito da nutsuwar na farko, kuma abin mamaki yawanci daga na goma ne hannu ke fara ha'inci, ɗigo huɗun ƙasan su fara haɗewa su zama layi ɗaya. In kaga haka ka ajiye buroshi ka miƙe ka zagaya ka dawo. Af, kuma da tsofaffin baƙaƙe ake rubutawa ba sauƙaƙaƙƙun da gwamnati ta fara fitarwa a 1956 ba, koda yake abin dariya shi 无, sauƙaƙaƙƙen 無 ɗin da ake ganin sabo ne, marubutan Dunhuang suna amfani da shi tun shekara dubu da suka wuce.

In kayi kuskure kar ka cakuɗe shi da baƙi. Na da can wani fenti ruwan ɗorawa suke shafawa a kai tunda takardar tasu ma rina ta ake yi da ɓawon wani itace don ƙwari, ko kuma su ɗiga ɗigo a gefen baƙin da ya ɓaci su rubuta daidai su wuce. Kai ma ɗigo a gefe ka cigaba. Zama ɗaya yana cin awa ɗaya zuwa biyu, in ka gama a minti arba'in to gudu kayi.

Yanzu sai Hongyi

Bayan duk wannan ne zaka buɗe rubutunsa na shekarun 1930 zuwa rasuwarsa, kuma zakaga abinda baka gani ba da. Aikin a nan ragewa ne. Inda kaishu ke danna buroshi a farkon ja, shi baya dannawa. Inda ake karya kwana da kusurwa shi lanƙwasawa yake a hankali. Ƙugiyar da ake fizgewa da ƙarfi a ƙarshen ja tasa guntuwa ce kamar bata so a ganta, wani lokacin ma ja biyu basa taɓa juna, akwai 'yar ƙofa a tsakani da iska ke wucewa. Baƙin ya ɗan miƙe tsaye ya tsuke. Saurin kuma ɗaya ne daga farko har ƙarshe, a hankali, kuma wannan shine mafi wuya, don tafiya a hankali da buroshi mai ɗauke da tawada ba tare da ya yi rawa ko ya zubar ba sai hannun da yasha atisayen layin nan na wata guda da kake ganin ɓata lokaci ne. Ka rage tawadar da kake ɗiba, ka goge bakin buroshin a gefen dutse har yayi tsini.

Ka fara da baƙaƙe manya guda ɗaya ko huɗu, kar ka fara da dogon nassi. Marubuci Ye Shengtao ya taɓa kwatanta baƙaƙensa da taron mutane masu kunya da ladabi da suka zauna suna hira a hankali, babu mai ɗaga kai babu mai ƙasƙantar da kai, to in ka rubuta huɗu kaga ɗaya yana ihu a cikinsu ka sake.

A laccar nan ta Xiamen ya raba makin rubutu ɗari kamar haka: tsarin shafi 50, su kansu baƙaƙen 35, hatimi 10, launin tawada 5. Ka duba fa, rabin makin duk na inda ka ajiye abu ne da filin da ka bari. Nan ne karatun zanen da yayi a Tokyo yake leƙowa, yana kallon shafi ne kamar mai tsara zane, shi yasa nake ganin waɗanda ke cewa rubutunsa tsantsar ruhi ne babu dabara basu duba da kyau ba, dabara ce cike, an dai ɓoye ta ne. Don haka kafin ka jiƙa buroshi ka auna takardar, ka bar gefe mai faɗi, ka san inda sunanka da kwanan wata zasu zauna a hagu da ƙananan baƙaƙe, jan hatimi kuma ɗaya ya isa, ƙarami, a ƙarƙashin suna.

Abu ɗaya da zan hana ka kwaikwaya shine baƙaƙe huɗun da ya rubuta kwana uku kafin ya rasu, 悲欣交集, ma'ana baƙin ciki da farin ciki sun cakuɗe. Sun shahara sosai, kowa na son gwadawa, amma hannun mai jinya ne tawada tana ƙarewa a buroshi, layin ya bushe ya karkace, in lafiyayye ya kwaikwayi wannan rawar hannun wasan kwaikwayo yake zama.

Ka dinga kallon na wasu ma

Ido yana gaba da hannu kullum, saboda haka ka ciyar da shi. Zhao Puchu wanda ya shugabanci ƙungiyar mabiya Buda ta ƙasar har rasuwarsa a 2000, in ka shiga gidajen ibada a Chaina da wuya baka ga allon suna da hannunsa ba, nasa rubutun malamai ne mai tsafta. Sufi Hsing Yun na Taiwan da ciwon suga ya cinye masa ido sai ya koma rubuta komai da ɗiban tawada ɗaya ba tsayawa, don in ya tsaya bazai ga inda zai ɗora ba. A tsibirin Lantau na Hong Kong an kafa ginshiƙan katako 38 a gefen dutse a 2005 ɗauke da nassin zuciya da hannun Jao Tsung-I, ɗaya daga ciki an barshi babu rubutu da gangan. Sai Wang Dongling na Hangzhou mai rubutun hargitsi, yana ɗora baƙi kan baƙi har ba'a iya karantawa, da buroshi mai dogon mariƙi yana tafiya a kan takardar. Ni dai nasa yana burge ni a ido amma bana komawa in sake kallo kamar yadda nake komawa na Hongyi, wannan ra'ayina ne, akwai waɗanda suka fini sani da zasu ce maka akasin haka. Shi ma dai kafin ya hargitsa sai da ya shekara da shekaru a kan kaishu da rubutun gudu.

In ka tashi daga zama

Ka rubuta kwanan wata a gefen kowane shafi ka ajiye ɗaya duk sati, sauran da suka lalace kar ka yar a bola ko ka naɗe ƙosai da su, su kansu 'yan Chaina na da suna da 'yan murhu na musamman da ake ƙona takarda mai rubutu saboda girmamawa, abinda mu ba sai an mana bayaninsa ba. Sandar tawada ka goge bakinta da tsumma ka ajiye a gefe, in ka barta tsaye a kan jiƙaƙƙen dutse zata manne, garin ɓamɓarowa ta tafi da fatar dutsen, haka na lalata na farko da na saya. Buroshi ka wanke da ruwan sanyi zalla babu sabulu har ruwan ya fito fari, musamman gindin gashin inda tawada ke maƙalewa ta sa bakin ya rabe biyu, ka matse da yatsa ka daidaita tsinin, ka rataye shi kai ƙasa a inuwa. Ɗan murfin roban da ya zo da shi kuwa ka jefar tun ranar farko, in ka mayar da jiƙaƙƙen gashi ciki ruɓewa yake.